Shida Nan, Bakwai Can

Jikka talatin da bakwai.
Sau uku na ƙirga su bisa tabarma:
ashirin da biyu kuɗin jar akuyata,
wadda ta bi mai saye tana waige,
sauran kuwa gumin keken ɗinki ne,
zubin adashi na wata tara.

Tsahiru ne ya ja mini.
Shekara huɗu yana dakon bulo a Tamanrasat,
muryarsa kaɗai ke zuwa, ta wayar maƙwabta:
"Harira, turo mini fuskar Baba,
na fara mance inda furfura ta tsaya."

Ran Litinin na ce Baba ya sa rigar Juma'a.
Ya ce, "Waya za ki saya, ko ni za ki sayar?"
Kabu-kabu biyu daga Bagalam,
ya riƙe hula, na riƙe bakin zane inda kuɗin suke.

A rumfar Ilu wayoyi na kwance cikin gilashi
kamar kifin Madarunfa a faranti.
"Wannan ido uku gare ta, wannan huɗu."
Ni mai ɗinki ce, na san maɓallin ado,
wanda ake jerawa a gaban riga ba ya rufe komai.
Na ce, "Cikin huɗun, nawa ke gani?"
Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Ɗaya."

Muka gwada ta fari.
Baba ya gyara tsayuwa kamar gaban alƙali.
Sai ga wani saurayi fari sol a gilashin,
kumatu sumul kamar bayan ludayi.
Zanen da wanzami ya yi masa tun yana jinjiri,
shida nan, bakwai can,
duk wayar ta lashe.
Baba ya duba, ya ƙara dubawa,
ya ce, "Ɗan wane ne? Ku gaishe shi."

Ta biyu ta mai da shi inuwa mai hula.
Ta uku ta gan shi sarai,
amma da Ilu ya faɗi kuɗinta
na mayar da ita da hannu biyu
kamar ƙwan kazar mutane.

Har na ɗaure bakin zane.
Sai yaron da ke gyara a kusurwa,
hayaƙin dalma na tashi gaban hancinsa,
ya ce ba tare da ya ɗago ba:
"Akwai ta hannu. Bayanta ya tsage,
batir sabo ne, ni na sa.
Idonta ɗaya, amma ba ta ƙarya
in an kashe mata kwalliya."
Ya taɓa wani wuri da farce. Ya miƙo.

Ga su nan, goma sha uku, ba wanda ya ɓata.
Ga haƙorin da goro ya rina.
Ga ma zaren da na cike wuyan rigar da shi,
shuɗin da bai dace ba, na ɗauka ba mai lura.

Arba'in. Albarka.
Talatin da uku. Albarka.
Baba ya ce, "Ilu, ko kakanka ba Bagobiri ba ne
ai ka ga ta san mutane."
Aka tsaya a talatin da biyar, har da caja.
Jikka biyun suka tafi a layi da kati,
muka komo gida a ƙasa, rana na dukanmu,
yana tafe yana cewa in ƙara nuna masa.

Bayan isha'i saƙon ya tafi.
Amsa ta zo, murya ce, na kanga a kunne:
iska, ƙarar wata mota,
numfashi,
sannan, "Ya tsufa."
Shiru.
"Gobe ki ɗauko mini ƙofar gida."

Da safe na ɗauko masa ƙofar,
da randa, da bishiyar bedi.
Na ɗauki turken akuya kuma,
igiyar na nan yadda ta bar ta.
Wannan ban tura ba.