Kuɗin Ƙasar da Ta Rasu

Mu goma sha ɗaya muka tafi Tashkent
karatun famfo da rijiya.
Na dawo Damagaram da takardar shaida, da tari,
da rubul uku a aljihun kwat.

Uku fa! Wa ya taɓa jin takardar uku?
Koriya ce, ba ta cika tafin hannu ba,
guduma da lauje sun hau kan duniya,
zangarnun alkama sun naɗe su kamar rawani.
An rubuta darajarta da harshe goma sha biyar,
yau ba wanda zai sayo ƙosai a cikinsu.

Na kai ta Kasuwar Dole, wurin Brah ɗan canji.
Ya ɗaga ta ga rana, ya shinshina,
ya ce, "Injiniya, ko dala ba ta yi."
Na ce ba sayarwa na zo ba, 'yan'uwanta nake nema.

Ban san ta wace ƙofa za su shigo ba.
Da Mutari ya rasu a Garin Malam,
ran sadakar uku Tsahara ta miƙo ambulan:
"A gindin adakarsa na gani."
Jar goma biyu, ɗaya da lambar wayar wata Galina.
Kiyari ya bi, shuɗiyar biyar ta zo.
Ciroma ya bar ashirin da biyar,
gara ta cinye gemun mutumin da ke jiki.

Badukun Birni ya ɗinka mini littafin jar fata,
kowane shafi da sunansa.
In famfo ya ɗauke kwana biyar,
'yan ga-ruwa na wucewa suna harar gidan injiniya,
sai in buɗe, in shaƙi
warin jirgin ƙasa da miyar kabeji.

Jiya jikata Gaptiya ta tambaya,
"Kaka, nawa ke nan a sefa?"
Na ce tara.
"Jaka tara?"
Mutum tara.

Saura Lawali, can Karkada, ƙafa ta ƙi.
Yana da ta ɗari. Ya san na sani.
Duk Juma'a na kai masa goro,
sai ya ƙyalƙyale: "Ba yau ba!"

A shafin ƙarshe na bar wasiyya:
in na riga shi, a kai masa koriyar nan.
A ce bashin shayi ne,
na daren da ƙanƙara ta fara zubo mana a tasha
muka ɗauka toka ce.