Kwano Bakwai

Aji uku, wata firamare a Gwammaja,
yara sittin da huɗu, benci goma sha ɗaya.
Na rubuta YANAYI a allo,
alli ya karye tun ban kai ƙarshe ba.

Na ce, ku faɗa mini, me sama ke yi?
Sagiru ya ce kuka take.
Barira ta ce a'a, wanki take, shanyarta ce ke ɗiga.
Wani can baya, mai majina, ya miƙe ya ce
sama ba ta komai, Allah ne ke yi.
Na ce ka fi kowa gaskiya, zauna,
mu namu awo ne.

Muka yanke wuyan robar lemo,
muka kifa shi ciki ya zama mazurari,
rula a gefe, salatif ya riƙe ta,
duwatsu kewaye kada iska ta yi awon gaba da ita.
Ma'aunin ruwan sama ke nan, na ce.
Suka maimaita har bango ya amsa.

Safar Inuwa mai huji a dunduniya
muka ɗaure a kan doguwar sanda.
In ta nuna Dala, ku rubuta.
In ta juya wani wajen, ku rubuta.
In ta langaɓe, ita ma ku rubuta:
yau iska ta tafi unguwa.

Ma'aunin zafi kuwa daga aljihuna ya fito,
a Sabon Gari, bayan dogon ciniki.
Ranar da jan zarensa ya taka arba'in da ɗaya
Mardiya ta dafa goshin bango ta ce,
Malama, a kai Kano asibiti.

Mako uku robarmu ba ta ga baƙo ba
sai tururuwa, sai akuyar maigadi da ta ture ta sau biyu.
Mun koyi gajimare, mun koyi raɓa,
mun zana ƙanƙarar da rabinsu ba su taɓa gani ba.
Tasalla ta ce gwiwar kakarta ta ce Alhamis.
Na yi dariya.
Jadawalina ba shi da gurbin gwiwa.

Alhamis da la'asar gabas ta haɗe rai.
Aka kwana ana yi.

Da safe suka shigo da taɓo har idon sawu,
ba wanda ya gaishe ni,
kowa ya durƙusa gaban roba, ido daidai da ruwa
kamar yadda na koya musu.
Milimita arba'in da bakwai!
Ihu ya tashi sai ka ce an ci ƙwallo.

Gambo ne kaɗai bai yi ihu ba.
Idonsa ja, rigarsa ba ta bushe ba.
Ya ce, Malama, mu a gidanmu kwano bakwai aka yi,
da baho ɗaya, da tukunyar miya.
Ni ke juyewa, Inna na riƙe da jariri.
Sau biyar na juye kafin kiran assalatu.

Na tsaya, guntun alli a hannu.
Na duba littafin malami, shafi ya yi shiru.

Sai na ja sabon layi a jadawali,
na rubuta a kansa: Kwano.
Hannuwa suka tashi.
Mu huɗu. Mu bokiti biyu.
Mu katifa ce ta shanye, ban san nawa ba.
Mu katanga ce ta zauna.
Allo ya cika har na koma rubutu a gefen katako.

Wajen sha ɗaya ya daina kallona,
idonsa na taga.
Ya ɗaga yatsa a hankali:
Malama, safa ta miƙe, daga gabas kuma.
A ba ni izini in je in jera kwanuka.