Ɗinki Goma Sha Huɗu

Sun aske mata ciki fes, kamar ƙwaryar da aka kankare.
Ɗinki goma sha huɗu, baƙin zare, a jere.
Na ƙirga su a bas, na sake ƙirgawa a gida,
sai ka ce wani zai sace ɗaya a hanya.

Likita Thackray ta zana min a bayan rasit:
nan hanjin ya saki, ya zama jaka, ya daina turawa,
nan muka yanke, nan muka haɗa baki da baki.
Saura jira. Ran da ta fitar, ki kira mu.
Ban taɓa jin an ambaci kashi da ladabi haka ba.

Asali ba tawa ba ce.
Ta tsoho Ackrill ce, na ɗakin ƙasa,
da ya shekara talatin yana jan kifi a tekun ƙanƙara
ya tashi da yatsu takwas da mage guda.
Ran da motar asibiti ta zo ɗaukarsa
ya miƙo min makulli, ya ce mako ɗaya tak.
Bana damina ta biyu, in ana kiran wannan yayyafi damina.
Sunan da ya raɗa mata ya ƙi zama a bakina,
na sa mata Tsamiya, don ba ta sakar wa kowa fuska.

Yaya Sahabi ya bugo daga Malumfashi.
Fam nawa? Na faɗa.
Ya yi shiru, ina jin yana juya su zuwa naira.
Talatu, kuɗin shanun huɗa ne fa, a cikin mage?
Na ce amana ce.
Ya ce to, amana kam.
Ban ƙarasa masa ba:
in na taso aikin dare, ƙafa ta kumbura,
duk faɗin Hull ita kaɗai ta san takuna a matakala.

Kwanan farko ta kwanta gindin hita,
mazurarin roba a wuya, tana harara ta.
Na biyu ta yi karo da ƙafar kujera, ta tsaya,
ta dubi kujerar kamar ita ce da laifi.
Romon kaza a sirinji, ɗigo, ɗigo,
rabi a bakinta, rabi a zanena.
Na uku ta lashi cokali.
Na huɗu, babu komai.
Na durƙusa gaban tiren yashinta ina tonawa
kamar mai bugun ƙasa da ya rasa abin faɗi.

Ni da nake kwana ina gyara tsofaffi a gidan kula,
in goge, in wanke, in canza zanen gado,
ban taɓa ɗaga hannu na gode wa Allah a kan wannan ba.

Asubar na biyar, ina alwala, na ji ƙaras, ƙaras.
Na fito da ruwa a gwiwar hannu.
Ga shi nan, ɗan mitsitsi, mai laushi,
tana binne shi da yanga irin ta masu dukiya.
Na kira asibiti, inji ya amsa,
na yi wa inji albishir har muryata na rawa.

Yau an cire zare.
Gashi ya fara tsirowa a kan tabon
kamar gero kwana uku bayan shuka.
Wani farin tsuntsun teku ya sauka a taga,
ta yi kwanciyar ɗaukar rai, wutsiya na kaɗawa.
Na kai hannu in shafa ta,
ta zabga min yakushi, layi uku, har da jini.
Madalla. Kyanwar Lami ta tashi daga aiki.

Tsoho, in ana jin labari a inda kake,
ta ci, ta sha, ta fitar.
Makullinka na nan a kan firji.
Sun canza kwaɗon ɗakin tun bara,
ban dai jefar ba.