Naira Dubu a Kasuwar Kamba

Ran da Kawu Arzika ya faɗo daga amalanke
buhun shinkafa ya bi shi, ya zauna masa a ƙwauri.
Har bakin fadama mun ji ƙarar,
kamar an taka busasshen kara.

Maɗori ya ɗaure, ya yi tofi, ya tafi da zakara.
Sati uku kawu na ƙirga azarar ɗaki
yana ture akushi da bayan hannu,
hannun da ke cilla dami saman rumbu
ya koma kamar muciya.

Na shiga kasuwa da naira dubu.
Ita ke nan, ba ta da ƙanwa a gida.

Nomau mai kayan ƙamshi ya yafuto ni:
"Yaro, wagga kirfa ta,
suga na tsoron ta, sanyi na gudun ta,
ƙashi ma in ya ji ƙamshinta sai shi haɗe."
Ya karya ɗan ɓawo ya kawo mini hanci.
Saura ƙiris in miƙa kuɗin.

Can gefe Agali Buzu bai ce uffan ba.
Cukunsa na jere a kan buhu,
fale-fale, da zanen asabari a jikinsa,
ga tauri, ga warin garke.
Na juya ɗaya, na ajiye.

Hassi ce ta same ni tsaye tsakaninsu,
ta taso daga asibiti, tana cinikin albasa.
Ta ji zancena, ta yi dariya, ta ce:

"Cuku ai nono ne aka tara,
aka tsane ruwan, rana ta sha sauran.
Abin da ya rage shi ke mayar da tsoka,
ga maiƙo mai riƙe ciki har la'asar,
ga abin da ƙashi ke nema in zai kama.
Kirfa kuwa ɓawon itace ce.
Kar ka raina ta, in mudu da mudu za a gwada
ita ma tana da abin ƙashi, har da mai gyara hanji.
To wa ka taɓa gani ya cinye mudun kirfa?
Da yatsa biyu ake ɗiba,
abin da yatsa biyu suka ɗauko ba ya tada na kwance.
Cukun ma a bi shi sannu,
ka san jinin kawunka na hawa."

Ɗari takwas na ba Agali.
Ɗari biyun, kunyar idon Nomau ta ci su.

Ige ta daka cukun da gero da dabino uku,
ta dama, ta kai masa.
Ya juya fuska ga bango.
Washegari ma haka.

Rana ta uku, don kar ɗari biyuna ta tafi a banza,
na jefa ɓawon cikin ruwan kunu.
Ɗaki ya ɗauka.
Kawu ya ɗago kai, ya buɗe hanci,
ya ce, "Tune?"

Tune shekararta shida a ƙasa.
Ashe haka take dafa masa shayi
in ya dawo daga gona da ruwan sama a jiki.
Ban sani ba. Babu wanda ya sani.

Ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu,
ya shanye, har da gudajin cukun da suka kwanta ƙasa,
ya sa yatsa ya kwashe.

Yanzu yana kai kansa masallaci da sanda.
Duk wanda ya tambaya, sai ya ce kirfa ce.
Nomau ya ƙara wa tasa kuɗi.
Hassi ta ce in bar su.

Ni dai duk ran kasuwa ina tsugunne gaban Agali,
ya naɗe mini biyu a takardar siminti,
har yau bai tambaye ni na wane ne ba.