Ajiya Uku

Hoto ɗari huɗu na ɗauka a majema:
hannun Baba Ɗantani cikin ruwan bagaruwa,
jar fata a kan igiya, rana na ratsa ta
kamar an kunna aci-balbal a bayanta.
Duka na tara a memori ɗaya,
ɗan mitsitsi kamar farcen jinjiri,
na jefa a jaka na kama hanya.

Giga ɗari da ashirin da takwas, in ji mai tire.
Dubu uku na ba shi a bakin tasha,
har da godiya.
Da na isa Mabera na soka a kwamfuta,
ta ce babu kowa a gidan.
Na zare, na hura, na goge da mayafi,
na sake sokawa. Tsit.
Ashe araha ba ado kaɗai ta kasa ba, har ajiya.

Baba bai ga damina ba.
Abin da ya rage mini na hannuwansa
biyu ne da na taɓa tura wa Kulu ta waya,
su ma dishi-dishi,
kamar fuska a ƙasan rijiya.

Malam Ummaru Boɗinga bai yi faɗa ba.
Ya cire tabarau, ya ce wa ajin duka:
"Hoton da ke wuri ɗaya, aro aka ba ka.
Ku yi uku. Ɗaya kada ya kwana gidanku."
Ni kaɗai na sunkuyar da kai don kunya.

Ranar Asabar na tsaya shagon Sahabi.
"Mi kika biɗa, ɗiyata?
Wanga babba na, tera guda,
faifai ad da shi ciki, shina juyawa.
Sauƙin kuɗi gare shi, amma ba ya son faɗuwa.
Wanga ƙarami, babu abin da ka motsi ciki nai,
ko kin yada shi, shina tashi lafiya."
Ya faɗi kuɗin ƙaramin,
na nemi benci na zauna, na dafe zuciya.

Na tuna kabu-kabu da ramukan hanyar Kwalkwalawa,
jakata na dukan ƙugu,
ga zafin bazara da ke narka kwalta.
Faifai mai juyawa zai iya wannan tafiya?

"To, ga gajimare," in ji yaron shago,
"ki ɗora can sama, ki huta."
Na yi dariya.
Mu a Sakkwato mun san halin gajimare:
ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen Kware,
a kwashe shanya,
ya wuce bai ce uffan ba.
Ga data na ƙonewa kamar kara,
hoto guda na cin abin da zan ci wata a hira.
Duk da haka ban ce a'a ba gaba ɗaya.

Kuɗin adashena na zube:
ƙaramin, giga ɗari biyar, shi ke bina ko'ina.
Mai faifan na sayi na hannu,
yana gidan Inna Saude a Gidan Igwai,
naɗe da zane a ƙasan kwalla,
duk Juma'a in je in shayar da shi.
Ashirin da suka fi kyau, su nake aika wa sama
da tsakar dare, lokacin da data ke araha.
Memori biyu ƙanana maimakon babba ɗaya,
kuma sai da na cika su dam a gaban Sahabi
na buɗe na gani, kafin in yarda ba ƙarya.

Jiya na ɗauko masu albasa a fadama.
Inna na kira, tuwo na hucewa,
ni ina kallon koren layi yana jan ciki,
saba'in, saba'in da ɗaya.
Na ce, Inna, rufe mini da faifai,
ba a fafe gora ranar tafiya.