Duwatsu Tara

Ni ke wanke duwatsun baduk a Mokpo,
a bene, saman shagon kifi,
inda taga ke kallon jiragen ruwa.
Ran Litinin nakan juye su a daro,
farare daban, baƙaƙe daban,
in shanya kan tawul har su daina ɗiga.

Wata Litinin ce ta hawo,
'yar shekara bakwai, da giɓi a baki,
uwarta na ƙasa tana kankare ƙambori.
Ta ce, "Kaka, don me baƙaƙen suka ɗara fararen girma?"
Shekara talatin ina juya su a tafin hannu,
ban taɓa lura ba.

Pyeon Da-sol sunanta.
Na ce ta jera tara kafin in sa hannu,
haka ake ba yaro gaba.
Na cinye ta tas, allo ya yi fari fat.
Ko ƙwalla babu.
Ta tattara nata da hannu biyu, ta ce, "Sake."

Na koya mata abu ɗaya da na sani:
garken da ba shi da ido biyu gawa ne,
ko da yana tsaye.
Sauran ba ni na koya mata ba.

Da bazara tara ta koma shida,
kafin ƙanƙara ta sauka ta koma uku.
Ranar da muka zauna kai da kai
ina can ina farautar wutsiyarta a tsakiya,
na waiwayo, kusurwata ta mutu tun ɗazu.
Dara ta ci gida.
Tsofaffi suka yi ta tari don ɓoye dariya.

Sai jirgin ƙasa zuwa Seoul,
ɗakin kwana mai gado kan gado,
awa goma kullum a gaban layi goma sha tara.
Sau biyu jarrabawar ƙwararru ta kuɓuce mata,
ta biyun da rabin maki.
Rabi! Abin da ba ya da gurbi a allo.
Ta bugo waya a daren, ba ta ambaci wasa ba,
ta ce, "Ana ruwa a can?"
Na ce ana yi.
Muka saurari ruwan tare har kuɗin wayar ya ƙare.

Yanzu tana da sha tara, talabijin ya san fuskarta.
Mukan taru, shayi ya huce ba a sha ba.
Akwai lambar da na'ura ke nunawa a gefe,
wai ita ta san wa zai ci;
na liƙe wurin da guntun jarida.
Ni yatsun nake kallo,
manuniya da ta tsakiya, farcen ya side,
da yadda take bari mai ƙirga ya kai takwas
sannan dutse ya sauka, ƙwas!
Mai sharhi ya ce kuskure ne.
Bayan sawu arba'in ya gyara tabarau,
ya ce a yafe masa.

Wasan ƙarshe na kofin bana ta faɗi.
Ta sunkuyar da kai, ta zauna da wadda ta kayar da ita
suna warware wasan dutse-dutse
kamar masu tsefe kai.

Jiya, Litinin, na ji taku a matakala.
Ta tuɓe takalmi, ta naɗe hannun riga,
ta kama mini shanya ba magana.
Da suka bushe ta turo mini kwanon baƙaƙe.
"Kaka, jera tara."

Hannuna na rawa, na jera.
Kafin jirgin yamma ya yi kuka
allon ya yi fari fat.
Na tattara nawa a hankali,
na ce, "Sake."