Ƙafar Baya

Tun daga Aliero nake jin ƙauri,
na ce ko albasar ce ta fara lalacewa.
Mota na jan hagu kamar jakin da ya tuna gida,
mai na ƙonewa, gudu babu.

A Jega, Arzika bai tambaye ni komai ba.
Ya zagaya yana kai bayan hannu ga tayoyi:
wannan lafiya, wannan lafiya, wannan ma,
ta huɗu ya tofa wa ƙarfenta yawu, ya yi cuuu.
"Wagga ce."

Ya sa jak, ya juya taya, ta cije.
Ya kwance kalifa, sai ga roba a yage,
ruwan fadamar bara ya shiga ya tare,
fistin ya fito ya manta hanyar komawa.
Fad ɗaya ya siɗe kamar sabulun gidan yawa,
ɗan'uwansa ko ƙwarzane.

Sanfefa ta ci tsatsa,
giris ya sauka kan fil biyu,
sabuwar roba ta zauna.
"Hau ka taka. Taka. Taka. Riƙe!"
Kumfa ta tsarto.
"Saki."
Sau bakwai, kafin man ya zo garau.

Da yatsa ɗaya ya tura tayar,
ta yi ta juyi ita kaɗai.
"Ai kamu yana yi," in ji shi, yana goge hannu,
"sakin ne ya gagare shi."

Na biya.
Wajen Koko na tsaya, na taɓa ƙarfen: sanyi.
Na daɗe ina kallon lambar Nomau,
wadda ban kira ba tun rabon gonar Baba.